Awa Huɗun Ɗanƙarami Mai Sono

Sunansa na yanka Mahamud, amma a duk faɗin Damagaram ba wanda zai gane shi sai an ce Ɗanƙarami mai sono. Sono ita ce kayan sautin makaɗan zamani: ampili, da mikoro, da manyan akwatunan lasifika da ake kira bafal, da tulin wayoyi. Shi ba ya kiɗa, ba ya waƙa. Aikinsa shi ne ya haɗa wa orkes, wato ƙungiyar makaɗan Zakariya'u, waɗannan kaya kafin a fara wasa, ya kuma kwance su idan an tashi.

An haife shi a Hamdara, a gidan manoma, kuma bai wuce aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ba. Ya shigo birni yana saurayi, ya shekara goma sha ɗaya yana gyaran rediyo a wata rumfa kusa da Kasuwar Dole, har wayar hannu ta zo ta rage wa sana'ar daraja. A lokacin ne Zakariya'u, mai gita kuma shugaban makaɗan, ya ɗauke shi. Yanzu ya haura hamsin. Gajere ne, muryarsa ba ta da ƙarfi, kuma ba ya amsa tambaya da jimla biyu idan ɗaya ta wadatar.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne awa huɗu. Sauran masu sono suna gama haɗa kaya cikin awa ɗaya da rabi, har da gwajin sauti, wanda suke kira balans. Shi kuwa idan za a fara wasa bayan La'asar, to, tun sha biyun rana yake so a buɗe masa wuri. Masu biki suna ƙorafi. Waɗansu suna cewa abincin rana yake hari, waɗansu suna cewa hannunsa ne ya yi nauyi. Na taɓa jin Zakariya'u yana tsokanarsa.

"Ɗanƙarami, da a gona aka bar ka, sai gero ya nuna kana kan sharar farko."

"To, ai da ya yi kyau," in ji shi, ya ci gaba da warware waya.

Na san shi sosai ne ta dalilin bikin ɗan Alhaji Gambo. Alhaji Gambo Bakano ne mai sayar da atamfa, ya daɗe da zama a unguwarmu ta Birni, kuma filin da ya zaɓa don wasan yana daidai ƙofar gidana. Ranar Asabar ce. Ina zaune a kan kujerata, kamar yadda nake yi tun da na bar koyarwa, aikin da ya sa har yau ake kirana Mushe, kamar kowane malamin lakwal, sai na ga amalanke ya iso da kaya da ƙarfe sha biyu da minti goma. Wanda ya shekara talatin da huɗu yana kaɗa ƙararrawar aji ba ya ganin abu bai duba agogo ba.

Sauke kayan ya ɗauke shi minti ashirin da biyar. Haɗa wayoyi da tayar da gurup, wato injin wuta, ya ɗauke shi minti hamsin. A lissafina, aiki ya ƙare tun kafin a kira Azahar. Daga nan ne ya fara abin da ya tayar mini da hankali. Ya jona wayarsa da ampili, ya saki wata murya da ya naɗa, tasa ce, tana maimaita "ɗaya, biyu, uku" ba tsayawa. Sai ya bar kayan, ya shige lungu.

Na gan shi yana tsayawa a gindin katangun mutane yana ɗaga kai. Na gan shi ya jingina da ƙyauren wani gida. Yakan dawo ya juya bafal ɗaya kamar taƙi guda, ya sake tafiya ta wani lungun. Da aka kira salla ya kashe muryar, muka yi sahu ɗaya, da aka idar ya sake kunna ta. Da ƙarfe biyu da kwata ya shiga lungun da yake bayan gidan Malam Rashid, bai fito ba sai ƙarfe uku saura minti biyar. Da ya fito ya juya bafal biyu gaba ɗaya, suka fuskanci duwatsun da suke gabas da filin, inda babu kowa sai ƙadangaru.

Alhaji Gambo ya zo wucewa ya tsaya.

"Kai mai sono, duwatsu na gayyata? Ni so nake a ji bikin nan har Mirriya."

"Alhaji, dutse zai dawo maka da sautinka," ya ce.

Haka kuwa aka yi, sautin ya cika filin, aka yi wasa mai kyau. Amma wajen ƙarfe biyar da rabi sai Inusa, ƙanin Alhaji Gambo, ya nemi motonsa, wato babur, sabuwa fil, wadda ya ajiye a bakin lungu, ya rasa. Aka bi sawun taya, aka ga an tura ta ta lungun bayan gidan Malam Rashid har zuwa babbar hanya.

Washegari magana ta fara yawo. Wani ya tuna cewa an sace rago a Zango bayan wani biki da Ɗanƙarami ya yi wa aiki. Wani ya ce a Garin Malam ma an rasa keken ɗinki. Duk waɗannan da "an ce" aka fara su, kuma na sha gaya wa ɗalibaina cewa jimlar da ta ɓoye mai aikatawa ba ta zama shaida. Sai dai ni ba "an ce" nake da shi ba. Na gani da idona, har da minti. Na zauna na tambayi kaina: mene ne mutum yake yi awa biyu da rabi a lungunan da ba nasa ba, yana duba tsawon katanga da ƙarfin ƙyaure, idan ba hanya yake nuna wa wani ba? Da Alhaji Gambo ya zo ya tambaye ni, na gaya masa komai.

Ranar Litinin da safe aka taru a zauren mai unguwa. Na maimaita abin da na gani, lokaci bayan lokaci, ban ƙara ba, ban rage ba. Mai unguwa ya juya ga Ɗanƙarami.

"Ka ji abin da Mushe ya faɗa. Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Me kake nema a lungunan?"

"Sauti nake bi. Lungun Birni yana jan sauti kamar yadda kwata take jan ruwa. Sai na ji inda yake sauka."

"Minti arba'in a lungu ɗaya?" in ji Alhaji Gambo. "Lungun da ba ya da tsawon rumfata? Kuma ta nan aka bi da moto? Wa ka gani a can?"

Ɗanƙarami ya dubi tabarma.

"Ba zan iya faɗa ba, Alhaji."

"Ba ka iya ba, ko ba ka so?"

"Duka biyun."

Kowa ya san cewa lungun ƙofa ɗaya ce kawai a cikinsa, ƙofar baya ta gidan Malam Rashid, kuma kowa ya san cewa Malam Rashid, tsohon akawun kotu, ya fi shekara yana jinya wurin ɗansa a Damagaram Takaya. Matarsa Barira ce kaɗai a gidan. Na ga mutane suna kallon juna, na gane cewa zargi na biyu ya shigo ya zauna kusa da na farko.

Zakariya'u ya ce shi ba zai iya ɗaukar mutumin da ake wa wannan kallo zuwa gidajen jama'a ba, don haka ya dakatar da shi. Mai unguwa ya ce ya ba shi zuwa Alhamis. Idan bai yi bayani ba, za a miƙa maganar komisariya, wurin 'yan sanda.

A kwana biyun nan ban canja ra'ayi ba. Abu ɗaya ne kawai ya ƙi zama daidai a lissafina: mai nuna wa ɓarawo hanya ba ya fitowa ya juya bafal.

Ranar Laraba da hantsi mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da Alhaji Gambo da Ɗanƙarami, da kuma Barira a zaune daga gefe, ta ja mayafi har goshi. Dattijuwa ce mai kamun kai, ban taɓa jin muryarta a waje ba. Ba ta dubi kowa ba.

"Ranka ya daɗe, Malam bai je ko'ina ba. Yana ɗakinsa. Tsufa ne ya taɓa masa tunani. Ba ya gane ni kullum. Idan ya ji ƙara mai ƙarfi sai ya firgita, ya tuɓe riga, ya nemi ƙofa. Mutumin da ya zauna a kotu shekara talatin, ban so unguwa ta gan shi haka ba, shi ya sa muka ce ya yi tafiya."

Ta ci gaba.

"Ran Asabar, da wannan bawan Allah ya saki muryarsa, Malam ya kwarma ihu. Shi kaɗai ya ji, don yana gindin katanga. Ya yi sallama ta baya. Ya taimake ni muka mayar da Malam ɗakin ƙurya, ya zauna da shi har ya natsu, yana saurara ko sautin yana shigowa. Ni na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Ban san moto ba, ban san wanda ya tura ta ba."

Mai unguwa ya tambayi Ɗanƙarami ko haka yake yi a kowane biki. Ya ce a kowace unguwa akwai gidan da sauti yake cutarwa: mai jinya, ko mai jego, ko mai takaba. Ba a rubuta su a ƙofa, kuma mai biki ba ya son a tuna masa da su, sai dai mutum ya taka da ƙafarsa. Haɗa waya, in ji shi, ko wa ma zai iya cikin awa ɗaya.

Alhaji Gambo ya ce shi dai moton ƙaninsa ba ta dawo ba, ya tashi ya fita. Har yau ba a gan ta ba, kuma har yau akwai masu cewa ba a rasa wani abu a cikin maganar ba. Mai unguwa ya ce babu zancen komisariya. Zakariya'u ya mayar da Ɗanƙarami bakin aiki bayan mako biyu, amma masu biki uku a Birni sun ce a zo musu da wani mai sono, aka kuwa zo musu da shi.

Na sami Ɗanƙarami a gidansa na ba shi haƙuri. Yana zaune yana ɗaure bakin wata waya.

"Mushe, ai ba ka yi ƙarya ba."

"Ban yi ba. Amma na faɗi rabin abu kamar shi ne duka."

"Rabin ka gani," ya ce. Ya miƙo mini ƙarshen wayar in riƙe masa.

Tun kafin Juma'ar makon da Barira ta yi magana, duk unguwa ta san halin da Malam Rashid yake ciki. Mutane suka riƙa zuwa dubiya, waɗansu don zumunci, waɗansu don su gani. Ni ma na je, domin mun yi shekaru muna salla a sahu ɗaya. Barira ta amsa sallamata daga bayan ƙyaure, ta ce Malam yana barci. Na koma sau biyu, a lokuta dabam-dabam, kuma duk amsar ɗaya ce.