Mahasin da Kaset ɗin 'Yan Waƙa

Mahasin Jibrin ta zo Alƙahira a shekarar 1997 daga Wad Madani ta ƙasar Sudan. Kakanninta Hausawa ne da suka fito aikin hajji a ƙasa, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Ta yi karatun koyarwa, amma a Masar ba wanda ya nemi ganin takardarta. Ta kama ɗaki a unguwar Hayyin Ashir tare da wasu mata, kullum da safe ta shiga mota zuwa unguwar Mohandessin, inda take yi wa iyalin wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya girki. Uwargidan, Hajiya Lauratu, ta ɗauke ta ne saboda ta iya tuwo da miyar kuka, ga kuma Hausa a bakinta, ko da yake rabinta Larabci ne.

Mace ce marar yawan magana. Ta yi shekaru a gidan ba a taɓa jin ta tana ko 'yar waƙar wanke-wanke ba.

Wata ranar Asabar da la'asar 'yan matan gidan suka dawo da kaset ɗin bidiyo daga shagon haya. Fim ne na barkwanci, an rubuta fassarar Larabci a ƙasa. 'Yan makarantar jami'a ne suka kasu ƙungiya-ƙungiya suna gasar waƙa, babu ganga babu garaya, sai muryoyinsu kawai. Wannan ya manta baitinsa, waccan ta zame daga dandamali, a yi faɗa kan wanda zai ja waƙa, a shirya. Mahasin ta shigo falo da tiren shayi. A layin baya na wata ƙungiya akwai wata yarinya baƙa, siririya, wadda in za ta ɗaga murya sai ta karkata kai ta toshe kunne ɗaya da yatsa. Mahasin ta tsaya da tiren a hannu har shayin ya huce.

Haka Fatna ƙanwarta take yi. Lokacin da suke kwalejin koyarwa, su huɗu ne suke waƙa a taron makaranta da bukukuwan unguwa. Fatna ke ja, biyu su amsa, Mahasin ta bi su daga ƙasa da murya mai kauri. Shekara biyu kafin zuwan Mahasin Masar, Fatna ta hau babbar mota da mijinta za su keta hamada zuwa Libiya neman aiki. Motar ba ta isa ba, ba ta kuma dawo ba. Ba gawa, ba jana'iza. Mahaifiyarsu ta ƙi karɓar gaisuwar mutuwa har ita ma ta rasu.

Tun daga ranar, duk sanda Mahasin ta gama aiki sai ta roƙa a saka mata kaset ɗin. Takan zauna a kan darduma ta yi dariya har da hawaye, musamman inda wani ƙaton saurayi ke shaƙewa da gyaɗa ana tsakar gasa. Hajiya Lauratu ta gaji da biyan haya, ta saye shi ɗungurungum.

"Mahasin, me kike gani a shirmen nan haka?" ta tambaye ta wata rana. "Yaran ma sun gaji da shi."

"Hajiya, ba wanda yake ɓata a ciki," in ji Mahasin. "Kowa ya yi fushi ya fita, sai ya dawo kafin a tashi. Khalas, shi ke nan."

Sai a ranar ta ba ta labarin Fatna. Hajiya ta ce, "Amma kin san yarinyar nan ba ita ba ce."

"Na sani. Fatna ta fi ta tsawo."

Abin da ba ta faɗa wa Hajiya ba shi ne, kafin fim ɗin ta riga ta manta muryar ƙanwarta. Fuska na nan, murya ta tafi. Amma duk ranar da ta kalle shi, in ta shiga motar komawa gida, sai ta ji Fatna a kujerar baya tana rera wata waƙar amare a hankali, har da inda take jan numfashi. Ta waiwaya, ta ga wata Bamisira da kwandon kayan miya, ko wani tsoho yana gyangyaɗi. Sau ɗaya ta ji an ce "Yaya, shigo mana," kamar yadda Fatna ke cewa in Mahasin ta makara wajen ɗaukar waƙa. Ta sauka tun ba a kai unguwarsu ba, ta ƙarasa a ƙafa. Ta daina kallo har wata biyu, muryar ta ɗauke. Shirun ya fi ba ta tsoro, ta koma kallo.

A 2004 aka mayar da maigidan Abuja. Hajiya ta bar mata kaset ɗin da na'urar. Mahasin ta auri Haisam, wani Basudane direban ƙaramar bas, suka tare a unguwar Faisal. Shi bai ga abin dariya a fim ɗin ba, amma bai taɓa hana ta ba.

Bayan haka wani Bahaushe mai suna Lawali ya zo daga Libiya, aka kai shi wurinta. Ya ce ya ji an tono wata mota da rairayi ya binne, da ƙasusuwan mutane a ƙarƙashinta. Ya kuma ce a wani gari can kudancin Libiya akwai wata mai sayar da shayi da ke waƙar Hausa, ba ta san daga inda ta fito ba. Duka biyun ji ya yi, bai gani ba. Mahasin tana da tsohon ciki a lokacin, ba halin tafiya.

Ta haifi mace. Haisam ya ce a sa mata Fatna. Mahasin ta daɗe tana kallon jaririyar, sannan ta girgiza kai.

"Ma'alish, yi haƙuri," ta ce. "In ta dawo sunan zai yi mana biyu a gida."

Aka raɗa wa yarinyar Mawada.