Tattabarun Karimoune da Bel ɗin Haj Yousef

Shekara goma sha huɗu ke nan Karimoune yana kan hanyarsa ta zuwa Turai. Ya baro Filinge da jaka ɗaya, ya sauka Sabha don ya huta kwana uku, kuma har yau hutun bai ƙare ba. Iyakar arewar da ƙafarsa ta taɓa takawa ita ce Tamanhint, nan bayan gari, shi ma rakiyar wani ya yi. Amma in ka tambaye shi sai ya ce shi matafiyi ne, sanyi kawai yake jira ya wuce. In sanyi ya wuce kuma sai ya koma jiran zafi.

Ni Fassouma, shinkafa da wake nake sayarwa a ƙofar ma'ajiyar hatsin Haj Yousef da ke gefen unguwar Jadid, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Karimoune shi ne mai sharar wurin. Dogo ne siriri, hularsa ɗaya rani da hunturu, yana riƙe tsintsiya kamar wanda aka damƙa wa sandar mulki.

Manoma ne suke kawo sha'ir da alkama a manyan motoci, a juye a rami, bel, wato doguwar shimfiɗar roba da inji yake ja, ya kwasa ya haura da shi cikin rumbun ƙarfe. Tsohon bel ɗin a buɗe yake, duk faci, yana tafiya yana karkarwa yana ɓarin hatsi hagu da dama. To, tun zamanin mahaifin Haj Yousef akwai ƙa'ida a gidan, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: duk ƙwayar da ta taɓa ƙasa ta mai shara ce. Karimoune yakan tashi da mudu biyu ko uku a rana. Da wani ne, sayarwa zai yi ya tara kuɗin mota. Shi kuwa tattabaru ya ajiye, guda biyu, wai na ɗan lokaci kafin tafiya ta taso. Lokacin da abin nan ya faru sun kai arba'in da uku, suna zaune cikin gwangwanayen mai a saman ɗakinsa da ke bayan ma'ajiyar, kowace da sunanta. Kashinsu kuwa a kan farantaina yake ƙarewa. Na zage su, na zagi mai su, na haɗa da wanda ya sayar masa da biyun farko.

Farkon bana sai Haj Yousef ya sayo sabon bel daga ƙetaren teku, wani injiniya mai suna Nour ya yi wata guda yana haɗa shi. Da aka gama sai muka ga dogon akwatin ƙarfe ne kawai, a rufe ruf ta kowane gefe, daga bakin rami har saman rumbu. Ba ka ganin bel, ba ka ganin hatsi, sai dai ka ji gunji a ciki. Nour ya tara ma'aikata yana ta alfahari: ƙura ba ta fita, yashi ba ya shiga, tsuntsu ba ya samun ko ƙwaya. Ya ce abin da ya zube a ciki ma bel ɗin ne yake jawo shi in yana dawowa, wasu 'yan cokulan ƙarfe a gindi su kwashe su mayar a kai.

Karimoune ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Wato har tsintsiya gare shi?"

Aka kwashe da dariya, shi kaɗai ne bai yi ba.

Mako biyu yana shara ba ya tara komai sai yashi da guntayen taba. Tattabaru suka rame, suka fara yi wa shinkafata dirar mikiya da rana tsaka. Gurasar da yake saya don karin safe sai ya marmasa musu, shi ya sha shayi haka nan. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, amma ban gaya masa ba don kada ya samu bakin magana.

Sai Karimoune ya ari sifana ta kwance noti wurin Jibirin, direban da yake kai abincin dabbobi arewa. A gindin akwatin akwai wata 'yar ƙofa da Nour yake buɗewa in zai duba ciki. Karimoune ya sassauta noti biyu, ya soka ƙwallon dabino a tsakani, sha'ir ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan. A lissafinsa ba sata ba ce, tunda bai sa hannu cikin hatsin kowa ba, da kansa ya faɗo, kuma ƙa'ida ba ta ce a binciki dalilin faɗuwa ba. Abin da ya manta shi ne tattabara ba ta da sirri. Bel mai tsawon taku sittin, amma tsuntsaye arba'in da uku suka taru a wuri ɗaya suna kokawa, kuma ranar ce Haj Yousef ya kawo baƙi su ga injin da ba ya zubar da ƙwaya. Ya kutsa cikinsu da farar jallabiyarsa, ya sunkuya, ya zaro ƙwallon dabinon.

Haj Yousef ya yi fatauci a Agadas yana saurayi, yana da Hausarsa ta kasuwa, kuma in ransa ya ɓaci da ita yake faɗa. Bayan baƙi sun tafi ya yanke hukunci: kafin Juma'a ko tattabaru su bar gidan, ko su bar shi tare da mai su. Ɗakin da Karimoune yake kwana na Haj ne, takardun zama kuwa ba shi da ko ɗaya. Karimoune ya zo ya zauna a bencina, na zuba masa abinci bai taɓa ba. Na ce masa ai ga dama ta samu, sai a kama hanyar Turai. Kallon da ya yi mini ya sa na yi da-na-sanin buɗe bakina.

Ranar Alhamis ya zuba su cikin kwandunan tumatir yana kiran sunan kowace, ya ba Jibirin ya kai wa wani mai kiwo a Shuwairif, can kan hanyar Tarabulus. Gida ya yi tsit. Farantaina suka zauna fes, kuma abin haushi ban ji daɗin hakan ba. Karimoune ya ci gaba da share yashi, ya daina ma zancen tafiya.

Kwana tara bayan nan, da hantsi ina tsame wake, sai na ji fuka-fuki. Ashe mutumin Shuwairif ya yi gaggawar buɗe musu. Talatin da ɗaya suka sauka, a jere a kan akwatin Haj Yousef, duk sun yi futu-futu. Karimoune ya saki tsintsiya yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Sun tahi arewa sun gani, Fassouma," in ji shi. "Ga su nan sun komo."

Haj Yousef ya fito daga ofis ya tsaya yana kallo. Ya ce shi dai ya ce su tafi kuma sun tafi, ba zai tsaya shari'a da tsuntsu ba. Ya sa aka ciko mudu da sha'ir, ya miƙa wa Karimoune da kansa, ya ce kullum zai samu haka muddin bai sake taɓa sifana ba. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya mayar da hannuwansa baya.

"Ya Haj, ni ba maroƙi ba na. Shekara goma sha huɗu ban miƙa ma kowa hannu ba. Abin da na share shi nika ɗauka."

Saura kaɗan in kwaɗa masa ludayi. Haj Yousef ya dubi mudun, ya dubi Karimoune, ya dubi tsuntsayen da suke ɓata masa sabon fenti. Sai ya kife mudun a ƙasa.

"Ya faɗi," ya ce. "Kai share."

Tun daga ranar, kowace safiya mutumin da ya sayo bel daga ƙetaren teku don kada ƙwaya ɗaya ta zube yakan cika mudu ya zubar a gindinsa da hannunsa. Karimoune yakan juya baya ya yi kamar yana duban sama har a gama, sannan ya taho da tsintsiyarsa. Jiya na tambaye shi labarin Turai, ya ce akwai guda huɗu da suke kwanci, bari dai su ƙyanƙyashe.