Abin da Direba Ya Ji Daga Kujerar Baya

A kamfanin rarraba magunguna inda ya ƙare ƙuruciyarsa, ba mai kiransa da sunansa. Lamba Biyu ake ce masa, domin 'yan'uwansa direbobi sun rantse tun da aka ba shi mota bai taɓa sa giyarta a lamba uku ba. Sharri suke masa, amma ba sosai ba. Mutum ne da zai taka birki ya jira kaza ta gama shawara a tsakiyar titi. Wannan sanyin hannu ne ya sa aka cire shi daga motar kaya aka ba shi motar Madam, shugabar sashen ɗaukar ma'aikata, wadda ke son yin aiki a mota ba tare da shayinta ya zube ba.

Karatunsa bai wuce firamare ba. Duk abin da ya sani game da jami'a, ta madubin mota ya tsince shi. Manya suna mantawa direba na da kunne, shi kuma bai taɓa tuna musu ba.

Wata rana a lokacin ɗaukar sababbin ma'aikata, Madam da wani manaja suna baya, takardun masu neman aiki jibge a tsakaninsu. Manajan ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan fa? Sakamakonsa ya yi kyau ƙwarai."

"Wace makaranta?"

Ya faɗa mata.

"Ajiye shi ƙasa. In ba daga manyan nan na saman jerin bana ba, ba ni da lokacin buɗewa."

Jerin da take nufi shi ne wanda jaridu ke bugawa duk shekara, su ce wannan jami'a ce ta ɗaya, waccan ta biyu, har zuwa na can ƙarshe da ba mai kaiwa gare su. Da yamma Lamba Biyu yana share mota ya tarar da takarda ɗaya ta maƙale ƙarƙashin kujera. Hoton wani saurayi ne a jiki, ya sha kwat, da shatin takalmi a gefen fuskarsa. Ya goge shatin da hannun rigarsa, ya daɗe yana kallon yaron. A zuciyarsa ya ce 'yarsa ba za ta kwanta a ƙasan motar kowa ba.

'Yar tasa ita ce ta fari, yana kiranta Mamana. Tun tana ƙarama, in ya kawo kwalayen magani da aka gama da su don a zuba tarkace, ita takardar bayanin ciki take zarowa ta zauna tana haɗa baƙi. Ta daka alli ta ƙulle a takarda ta ba 'yar tsanarta safe da yamma. Kowa a gidan ya san ilimin haɗa magunguna za ta karanta, har Auta, ƙaninta, da yake tsoron ta matso kusa da shi da cokali.

Da ta gama sakandare, jami'o'i biyu suka ɗauke ta. Ɗaya ƙarama ce, sabuwa, a ƙarshen layin bas ɗin unguwarsu, fentinta ma bai gama bushewa ba. Ita ta ba ta haɗa magunguna. Ɗayar ita ce ta saman jeri, can nesa, tafiyar yini. Su suka ce gurbin magunguna ya cika, sai dai ilimin duwatsu da ma'adinai.

Suna zaune a falo bayan cin abincin rana ta ce, "Baba, waccan fa duwatsu suka ba ni."

"Duwatsu ko yashi, sunan makarantar ake dubawa. Da idona na gani."

Matarsa ta ajiye kwanon da ke hannunta. "Malam, yarinyar nan magani take so tun tana rarrafe. Dutse kuma me za ta yi da shi? Niƙa?"

"Ke kin taɓa shiga motar Madam?"

Ba ta taɓa ba. Da ma faɗa ya yi, da wataƙila sun ja da shi. Amma shi ba ya faɗa. Ya juya ga yarinyar a hankali, kamar yadda yake shiga kwana, ya ce, "Mamana, ki yi mini wannan. Wata rana za ki gode mini."

Ta yi masa. Ya kai ta tasha da kansa, ya dawo wurin aiki yana faɗa wa duk wanda ya tsaya, har mai gadi sai da ya ji sau uku. Madam ma ta ɗago kai ta ce, "Kai, madalla," ta koma kan takardunta. Wannan madallar ta ishe shi farin ciki na wata guda.

Hutu bayan hutu Mamana tana dawowa da ƙarancin nama da ƙarancin magana. In ya tambaye ta karatu sai ta ce, "Ana yi." Ta maimaita shekara guda. Ta gama da sakamako mai rauni, irin wanda ake naɗewa a sa a ƙasan akwati. A yi wa Lamba Biyu adalci, sunan makarantar ya yi aiki: ana kiranta ganawa a wuraren da ba a kiran wasu. Sai dai in ta shiga aka fara tambaya, nan take ake gane ba ta ƙaunar abin da ta karanta, kuma kamfanonin haƙar ma'adinai ba su da yawa, ba kuma kusa suke ba. A ƙarshe ta samu aiki a ɗakin amsa kiran abokan ciniki na wani kamfanin waya. Ta yini da abin sauraro a kunne, mutanen da katinsu ya ƙi shiga suna sauke mata fushinsu, tana ba su haƙuri.

Ko a lokacin, uban bai ga laifinsa ba. Ya ce zamani ne ya lalace.

Madam ta yi ritaya. Wanda ya gaje ta ya zo da sabon tsari: jarrabawa ake yi wa masu neman aiki, a rufe sunan makaranta sai an gama makin. Wata safiya aka tura Lamba Biyu ya ɗauki sabuwar ma'aikaciyar sashen magunguna ya zaga da ita ɗakunan ajiya. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga da farar rigar aiki a hannu, sai ta leƙo.

"Lah, Baba! Ba ka gane ni ba? Gajeriya ce fa, ƙawar Mamana!"

Ya gane ta. Ita ce wadda ke zuwa gidansu da yamma ta kwafi aikin gida, ta cinye rabin abincin Auta. Suka gaisa, ya tambayi iyayenta, ya tayar da mota. Sannan ya ce, "A ina kika yi karatun?"

"Nan ƙarshen layi mana. Ai ina cikin 'yan jira, na ma fid da rai. Da Mamana ta bar gurbinta aka kira ni. Kullum ina cewa arzikinta nake ci."

Da dariya ta faɗa, da zuciya ɗaya. Lamba Biyu ya wuce kwanar ɗakin ajiyar da ya yi shekaru yana shiga, sai da ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Baba, ba nan ba ne?"

Daga ranar duk mako shi ke ɗaukarta. Tana baya tana waya, tana kiran sunayen magunguna masu tsawo, irin waɗanda 'yarsa ke haɗa baƙinsu a tsakar ɗaki. Bai faɗa a gida ba. Abinci ya daina shiga masa. Matarsa ta ce ya je a auna shi, ya ce gajiya ce. Sai ya ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a: in ya ajiye motar kamfani, ya ɗauki tsohuwar motarsa ya je ya jira Mamana a ƙofar wurin aikinta, duk da cewa bas na tsayawa a gaban ginin. Yau ya sayo mata takalmin da ba ta nema ba, gobe jaka. Ta karɓa ta yi godiya tana kallonsa.

Sau ɗaya ya haɗu da Madam a layin asibiti, ta tsufa, tana dogara sanda. Bayan gaisuwa ya daure ya tuna mata maganar da ta yi a mota.

"Ni na ce haka?" Ta yi ɗan tunani. "To, mai yiwuwa. Takardun ne suke yawa, direba, dole mutum ya samu hanyar rage su. Me ya tuno maka?"

"Ba komai, ranki ya daɗe."

Aka kira ta, ta shiga wurin likita.

Ana nan Auta ya gama sakandare, shi ma makarantu suka ɗauke shi. Ya zo ya durƙusa gefen uban ya ce, "Baba, wacce kake gani?"

"Ni direba ne. Me na sani?"

"Amma lokacin Yaya ai kai ka..."

"Na ce ban sani ba. Tambayi uwarka."

Yaron ya tashi ya fita. Ya sake gwadawa bayan kwana biyu, uban ya ɗauki tsumma ya fita goge motar da ba ta yi datti ba.

Maganar ta fashe ne a cunkoson yamma, shi da Mamana, motoci sun tsaya cak, masu talla na bi ta tsakani. Bai dube ta ba ya ce, "Gajeriya a wurinmu take aiki. Ni nake tuƙa ta."

"Na sani, Baba. Tun ranar farko ta kira ni."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Mamana, na cuce ki."

Ba ta yi saurin cewa a'a ba, kuma wannan jinkirin ya ji shi har ƙashinsa. Sannan ta ce, "Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Shekarar da na maimaita, in na ga kiranka sai in kife wayar. Amma ni ma ba yarinyar goye ba ce lokacin. Na ji daɗin yadda mutane ke zaro ido in na faɗi makarantarmu. Rigarsu mai tambari har barci nake da ita." Ta ja numfashi. "Takalman nan sun isa haka, ba ni da ƙafa goma. Auta fa, shi me ya yi maka? Yana ganin ni ka damu da ni, shi ko oho."

"Tsoro nake ji in sake buɗe baki."

"Ba zaɓa masa za ka yi ba. Kai shi za ka yi ya gani. Ai tuƙi dai ka iya, ko da a hankali ne."

Ya yi dariyar da ta zo da ƙwalla, na baya suka dame shi da ham.

Ya ɗauki hutu ya zaga da Auta makarantun ɗaya bayan ɗaya. Suka leƙa azuzuwa da ɗakunan gwaji, yaron yana tambayar ɗalibai, uban yana hira da direbobin malamai a inuwa. A hanyar dawowa Auta ya yi ta zuba, shi yana cewa "to" da "sai kuma me?" Yaron ya zaɓi wata ta tsakiyar jeri, inda aka ba shi injiniyancin lantarki da yake so. Yanzu yana aikinsa, ba yabo ba fallasa, kuma da safe da saurinsa yake fita.

Mamana ba ta koma karatun magani ba. Ta bincika, ta ga sai ta faro daga tushe, ga aure ya zo, ga 'ya'ya. An ɗaga ta ta zama shugabar masu amsa kira, tana da ɗan ofishinta mai gilashi. Lamba Biyu ya yi ritaya, gwiwa ta hana shi tuƙi mai nisa. Duk ƙarshen mako takan kawo masa jikoki su hargitsa falon. In hayaniya ta lafa, yakan matso da kujerarsa ya ce, "Mamana, aikin dai lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Sai ya tsura wa fuskarta ido yana neman gaskiyar maganar. Wani makon ya yarda, wani makon ya kasa.