Ƙanzon Iya

Ina ofis a Dutse wayar ta shigo. Ba ƙanena ba ne ya kira ni, Rifkatu ce, malamar firamaren nan 'yar kudancin Kaduna da ke haya a gidan da ke jikin namu a Haɗejia. Ta ce, "Yaya Hajara, ki yi haƙuri, Mama ta cika." Na yi salati, na yi kuka. Amma tun a mota abin ke cina: uwata ce, ni na sha nononta, sai ga shi a hannun wata ta cika.

Duk unguwa an san Iya da hannun girki, alhali ba ta taɓa riƙe cefanen kirki ba. Tsakin shinkafar da 'yan'uwa ke aiko mata daga Auyo shi take yin dambu da shi. Kan bandar kifin da wasu ke jefa wa mage, ita gasawa take yi, ta daka da daddawa, miyar kuka ta tashi unguwa da ƙamshi. Tuwon jiya ɗumame ne, na gindin tukunya kuma ta kankare ta shanya a kan rufin kwano ya zama ƙanzo. Takan ce, "Abinci ba ya ƙarewa, mai girkin ce ke gajiya." Shekarar da ruwa ya ci gonaki, gidanmu bai kwana da yunwa ba, har maƙwabta sun samu.

Ni kuwa ba ta koya mini komai ba. Da na leƙa madafa sai ta ce, "Tashi ki ɗauki littafinki, hayaƙi ba naki ba ne." Rifkatu ce ta samu wannan kujerar ta gefen murhu. In na zo hutu sai in same su kai a haɗe suna tsince zogale, suna dariyar da ba a sa ni a ciki ba. Kishi nake yi, kuma har yau bai sake ni ba.

Bayan an share makoki, Baba ya daina cin abinci. Tsoho ne, ga ciwon suga, kullum sai ƙara ramewa yake yi. Na sayo kaji, na sayo naman rago, na yi miyar da nake taƙama da ita a Dutse. Ya kai loma ɗaya, ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya ture kwanon. Tsoro ya kama ni kada ya bi ta.

Wata safiya Rifkatu ta yi sallama da 'yar langa a hannu. Kwaɗon ƙanzo ne da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa. Baba ya ɗanɗana, ya tsaya, hawaye ya zubo masa. Ya cinye tas.

Na bi ta har zaure raina a ɓace. "Me kika sa a ciki?"

"Ba ni ba ce, Yaya. Ƙanzon Mama ne. Tun da ciwo ya fara matsa mata take tarawa, ta ba ni ajiya. Ta ce in ta Allah ta kasance, in riƙa jiƙa wa Baba kaɗan-kaɗan har ya saba da rashinta."

"Ni fa? Me ta ce a kaina?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta ce ke za ki ɗauka shara ce, ki zuba wa awaki."

Iya ta san 'yarta. Na ce ta sam mini, ta kwance bakin zane ta miƙo mini gutsure ɗaya, na tauna shi a tsaye, busasshe.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta, ya ciyar da ita daga abincin Aljanna. Allah ya ba Baba haƙuri da lafiya, ya rufa mana asiri mu da ta bari. Rifkatu kuma, ko da yake da ƙyar bakina ke faɗa, Allah ya saka mata da alheri.