Jan Fenti a Inji na Biyu

Shekara ashirin da shida Baba Sifana ya yi yana gyaran injuna a tashar lantarki mai aiki da kwal, har baƙin ya zauna masa a tafin hannu, sabulu ya gaji ya ƙyale shi. Allon bakin ƙofa ya ce injuna huɗu, megawat ɗari shida. Allo dai ba ya jin kunya. Inji na biyu ne kaɗai ke juyawa, shi ma da lallashi, kuma a kansa duk wutar gari ta dogara.

Sau uku tashar tana sauya hannu. Kowa ya saye ta da fenti yake zuwa da sababbin huluna, amma ko boris ɗaya na gyaran inji babu mai sayowa. To, ya mutum zai yi? In famfon inji na biyu ya mutu, sai Baba ya kwanto na wani injin ya ɗaura. Duk abin da ya ciro kuwa sai ya ɗiga masa jan fenti: ɗigo uku in daga na uku ne, huɗu in daga na huɗu.

Sabon manaja ya zo da takardunsa, ya sa aka buɗe inji na uku, ya ga wayam.

"Baba, ina kayan cikin nan? Injuna huɗu muka saya."

"Ranka ya daɗe, ɗaya kuka saya, da gawa uku."

"An ce kai ke kwancewa."

Ran Baba ya ɓaci ƙwarai. Da furfurarsa za a kira shi ɓarawo! Ya ja manajan zuwa na biyu, ya riƙa nuna masa ɗigon fentin ɗaya bayan ɗaya.

"Na yarda, ka yi haƙuri," in ji manaja. "Amma masu dubawa na tafe, takarda kuma huɗu ta ce. Mayar da kowanne wurinsa."

"In tsohon injin nan ya huce, wallahi ba zai sake tashi ba."

"Kwana biyu ne kawai, Baba."

Da hannunsa Baba ya kashe injin, ya mayar da kayan wurarensu. Masu dubawa suka ƙirga huɗu cif, suka sa hannu, suka tafi. Yau sati uku ke nan inji na biyu bai tashi ba.

Da la'asar ya koma gida, ba wuta, ya tarar da matarsa tana yi wa jikarsu fifita da kwali.

"Malam, kai da kake aikin wuta?"

"Injuna huɗu gare mu yanzu," in ji shi. Ya karɓi kwalin.