Kwanukan da Suka Ƙi Komawa Gida

Shekarun baya, a shekarar da Babbar Sallah ta faɗo dab da Kirsimeti, ni da maigidana muna zaune a wani ƙauye ta wajen Hamdara, gabas da Damagaram. Majami'armu ta can gida Najeriya ce ta tura mu aikin bishara. Shi yana koya wa manya karatu da yamma, yana wanke wa mutane gyambo, ni kuma aikina gida da rijiya. Mu kaɗai ne Kirista a garin. Wani dattijo ne ya ba mu aron gidan ɗansa da ya tafi ci-rani, ya ce mu zauna muddin mutanen gari ba su kawo masa ƙararmu ba.

Waɗanda suka san ni sun san halina. Ni ce mai kulle ƙofa in yi nisa in dawo in taɓa kwaɗon, in sake yin nisa in sake dawowa. Tun da muka sauka garin kullum tsorona ɗaya ne, kada in yi wani abin da za a ce ai ga halin Kirista nan.

Jajiberin Sallah zazzaɓi ya kwantar da ni, aka kai ni likita, wato asibiti, a Mirriya na yi 'yan kwanaki. Matar wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, da muka saba da ita ta zauna jinyata, maigida ya koma ya tsare gida. A ƙasar tasu, ranar Sallah banƙare rago ake yi a kan itace a jera gefen wuta har yamma, kashegari a rarraba. To, kashegarin aka yi ta aiko mana da nama, ba ni gida.

Da na dawo na tarar da kwanuka jibge a kusurwar ɗaki, samira da langa da tasoshi, wasu da marfi wasu babu. Na tambayi maigida na su waye. Ya ce na mutane. Na ce wa ya kawo. Ya ce yara. Na ce 'ya'yan wane gida.

Ya ce, "Yaran garin nan mana. Na yi musu godiya sosai, har albarka na sa musu."

Na zauna a bakin gado. Abin da ya fara damuna ma shi ne ko ya halatta mu ci naman layya. Ya ce alherin maƙwabta ne, a gode wa Allah a ci. Da na dubi yadda fuskarsa take sheƙi na gane tambayata ta makara.

Babbar matsalar ita ce kwanukan. Kowace mace ta san kwanon aike ba ya kwana. A juye, a wanke, a sa ɗan sabulu ko goro a ciki, ya koma inda ya fito. Ni kuwa ban san ko ɗaya daga ina ya fito ba. In na kai samirar wata gidan wata, wataƙila daga jeren amarya aka zaro ta, a yi faɗa a kaina. In na bi gida gida ina tambaya, a ce wata da watanni ina garin ban san kayan maƙwabtana ba. Su kuma kunya ba za ta bar su su aiko neman kwanon da suka ba da kyauta a ciki ba. Sai na rasa abin yi, kullum da safe in fito da su in goge da toka, in shanya, in mayar ɗaki. Akwai wata langa mai ɗan tabo a gindi, wadda na tabbatar wa kaina ni na ɓantare ta wajen wanki. Ita ta fi hana ni sukuni.

A rijiya gaisuwa ta fara gajarta. Da, in na zo, akan miƙo mini guga kafin in tambaya. Yanzu sai in tsaya har kowa ta cika tulunta. Ran nan maƙwabciyata mai ƙuli-ƙuli, wadda bakinta ba ya raga wa kowa, ta dube ni ta ce, "Madam, ko kwanukan namu ma sun karɓi addininku ne, shi ya sa suka ƙi dawowa gida?"

Aka kwashe da dariya. Na ɗauki tuluna rabi na tafi.

Matar liman, wadda nake kira Inna, ita ta biyo ni gida ta gaya mini abin da ake faɗa. Wai na binne naman a bayan gida, wai ƙyamar kayansu nake yi. Ta ce har an fara tambayar dattijon nan dalilin da ya sa ya ajiye masu raina mutane a gidan ɗansa. Da na gaya wa maigida sai ya ce in aka karɓe gidan, zamanmu a garin ya ƙare.

Muna da ɗan bunsuru da muka ɗaure don Kirsimeti, wadda su can suke ce wa Nowel. Ina kallonsa dabara ta zo mini, amma ita ma da nata tsoron: ko za su ci girkin bikinmu? Na tafi wajen Inna ina bitar maganar da zan yi a hanya, ina isa ta gudu daga kaina. Da ƙyar na ce ko Malam zai yarda ya yanka mana. Ta ce in je in kwanta da raina. Ranar Nowel da sassafe sai ga liman da wuƙarsa. Ya yanka, ya karɓi wuya, rabon mai yanka kamar yadda ake yi, ya ce Allah ya ba mu zaman lafiya.

Na dafa shinkafa da miya. Tukunyar farko ta kama, na kusa kuka, na ɗora wata. Na cika kowane kwano, na ɗora tsoka a kai, marasa marfi na rufe da faifai. Sannan na jera su a babban tire na aza wa maigida a ka, na ce tunda shi ya karɓa shi zai mayar. Haka fasto guda ya ratsa gari da tiren abinci a ka, maza a majalisa suna tambayarsa ko talla ya koma.

A gindin itacen gawo da ke bakin rijiya na sa ya sauke ya ba mu wuri. Na gaya wa matan gaskiya: ina kwance a likita aka kawo, namiji ya karɓa, bai tambayi kowa ba, ni kuma kunya ta ɗaure ni. Na ce naman an cinye shi tas, shaidar tana wuyan wanda ya ɗauko tiren. Na ce kowa ta duba ta ɗauki nata.

Ba wadda ta motsa. Can mai ƙuli-ƙuli ta tako ta ɗaga marfi ɗaya, ta ce, "Wa ya yanka?"

Inna ta ce, "Malam ne, ina tsaye."

Ta ɗauki tsoka ta kai baki, ta tauna a hankali kowa na kallonta. Ta ce, "'Yan Najeriya da barkono kamar da gayya. Ku matso, in ba haka ba ni zan cinye na kowa."

Nan wuri ya rikice da hayaniya, wannan tana cewa ga samirata, waccan tana cewa marfin nan nata ne ba na waccan tasa ba. Kafin in ankara tire ya zama wayam, saura kwano ɗaya. Langar nan mai tabo. Na ɗauke ta na ce mai ita ta yafe mini, ni na ɓantare ta, zan saya mata sabuwa ranar kasuwa.

Mai ƙuli-ƙuli ta riƙe ciki tana dariya har ta zauna a bakin rijiya. Ta ce, "Madam, wannan ai taki ce. Ba a cikinta kika aiko mini kunu ba lokacin da na haihu? Na riƙe ta ne don in maido miki da nama."

Ranar, nawa tulun aka fara cikawa. Muka yi shekara da shekaru a gidan nan, ba wanda ya sake zancen tashinmu, kuma duk Nowel tun da safe mata suke aiko da kwanukansu da kansu, wai don kada fasto ya sake ruɗewa.

Har yanzu ina komawa in taɓa kwaɗon ƙofa, wannan hali bai bar ni ba. Amma na gane cewa duk kwanakin da nake ɗaki ina fargabar yadda zan shiga cikin mutanen nan, kwanona ya riga ni shiga, yana yawo gidajensu ban sani ba. Langar tana nan wajena. A cikinta nake aika wa maƙwabta abinci, kuma duk wanda ya kawo mini kwano, kafin ya sauke nake tambayarsa daga wane gida.