Ajin da Ba a Kiran Suna

Shekarar da muka bar gidan haya na Kawo muka tare a namu da ke bayan Rigachikun, ita ce shekarar da na zama makaranta. Ba malama kawai ba, makaranta sukutum: ni ce shugaba, ni ce mai kaɗa ƙararrawa, ni ce mai shara, ni ce mai raba faɗa. In an tashi kuma in koma uwa, in tarar da wanke-wanke yana jirana.

Ba wani dogon nazari ne ya kai mu ga haka ba. Unguwar sabuwa ce, gidaje jefi-jefi a tsakanin gonakin masara, hanyar da ke fitar da mutum zuwa titin Zariya kuwa in damina ta kankama ko ɗan acaɓa sai an roƙe shi. Makarantar yaran tana can cikin gari. A fita da su da duku-duku, a maƙale a cunkoson Kawo, su dawo gab da la'asar a galabaice. Ga zaman ɗar-ɗar na wancan lokaci, da in yaro ya ɗan yi jinkiri sai ka ga uwarsa a bakin ƙofa hannu a ƙirji. Wata rana maigidan ya dube ni ya ce, "Ke fa malama ce. Takardar taki me take yi a cikin akwati?" Gaskiyarsa, na koyar a firamare kafin in haihu. Da bakina na amsa, har da ɗokina.

Ɗalibaina biyu ne: 'yata ta fari, wadda aka ciro daga aji uku, da ƙaninta da bai daɗe da fara riƙe fensir ba. Kafinta ya kafa mana allo a baranda, aka sayo alli da littattafai, na tsara jadawali mai kyau na manna a bango. Jadawalin nan bai san da tukunya ba. Bai san da mai ruwa da zai buga ƙofa ana tsakiyar lissafi ba, bai san za a kawo wuta a ce duk wanda bai yi guga yanzu ba ya shiga uku ba. Dangi kuwa tunda suka ji ina gida, sai gidan ya zama tasha. "Ai na ce bari in biyo, na san kina nan." Ina nan mana, ina zan je? Sai in ajiye alli in ɗauko tabarma, ɗalibai su watse ba tare da an sallame su ba.

Kuma yaro ba ya tsoron malamar da ya gani da safe tana neman ɗankwalinta. Ina bayanin rabawa, ƙaramin zai ce, "Umma, me za a dafa yau?" In na tsawata a matsayin malama, fushin ya bi mu har kan tabarmar cin abinci, domin ba wata ƙofar da za a rufe a bar shi a can. Da yamma in na zauna sai in ji kaina kamar an yi daka a ciki. Duk wannan na sa rai da shi, ko da ban ɗauka zai kai haka ba. Abin da ban hango ba daban ne.

A gidanmu can Katsina, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta jansa a jiki in da ido. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin naku". Kuma kaf ɗinmu mun san shi ta fi so, domin shi ake ɓoye wa ƙanzo. Da wannan kunya na tashi, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini ita, kuma har yau ban ga aibunta ba. Da na haifi tawa, sai harshena ya bi sawun na uwata. "Ke" nake ce mata. In ina magana da wani in ce "yarinyar nan".

Sai aka yi dace, ko rashinsa, sunan mahaifiyar maigidan aka sa mata. Saboda haka shi ma ba ya faɗa, "Mamana" yake kiranta. Ƙaninta yana cewa "Yaya". Malamin da ke zuwa yi musu karatun Alƙur'ani da yamma, tunda unguwar ba ta kai ga samun Islamiyya ba tukuna, shi ma bai wahalar da kansa ba: "Babbar, biya. Ƙarami, saurara." Ashe duk duniya wuri ɗaya ne ake kiran yarinyar nan da sunanta na yanka, a makaranta. Can kullum da safe sai an kira shi haɗe da na ubanta ta amsa, ƙawaye su ƙwala shi a filin wasa, malama ta faɗe shi in ta yi daidai, ta faɗe shi in ta yi surutu. Ranar da muka cire ta, mun lissafa abin da za ta rasa na Turanci da lissafi, muka ce zan cike. Wannan kam ba wanda ya tuna da shi.

Ga kuma maganar yabo. Ƙaramin in ya rubuta baƙi ɗaya ba a karkace ba, sai in kira sunansa in ce madalla, in ce a tafa masa, yayarsa ta tafa ita kaɗai. Ita kuwa in ta kawo aikinta ba kuskure ko ɗaya, sai in duba in ce, "To." Wallahi wannan "to" ɗin a wurina ya fi kowane maki, alfahari ne zalla a cikinsa. Amma wa ya gaya mata? Yayanmu da ba a kiran sunansa yana da kaka a ɗakin kusa, da gwaggo, da abokai cike da zaure, kowa yana kiransa yana yi masa kirari. Kunyar uwa ɗaya ba ta rage shi da komai ba. Ita tawa ba ta da kowa daga safe zuwa yamma sai ni.

A hankali ta yi sanyi. Yarinyar da a da in ta dawo makaranta sai an ce ta yi wa Allah ta bar mutane su ji da kunnensu, ta koma sai an tambaye ta take magana. Ta daina ɗaga hannu, abin da a farko take yi ko da su biyu ne a ajin. Aikinta ya fara zuwa rabi-rabi. Na ɗauka lalaci ne, na ƙara tsanani. Na ɗauka ciwon shawara ne, na jiƙa mata magani. Ubanta da ke fita kafin rana ta fito ya dawo bayan magariba ya ce girma ne, 'ya mace dama haka take.

Ranar da abin ya fito fili, asibiti na kai ta saboda zazzaɓi. Muna zaune a kan benci cikin mata da yara, nas ta leƙo da kati a hannu ta kira sunanta. Yarinyar nan ko motsi. Aka sake kira da ƙarfi. Tana zaune tana kallon wani jariri da ke wasa da carbin uwarsa. Sai da na zungure ta da gwiwar hannu na ce, "Ke ake kira." Ta zabura ta miƙe, ta ce, "Na ɗauka wata ce."

A cikin keke muna dawowa, mun wuce gadar Kawo, kanta yana kan cinyata saboda jiri, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Umma, ke kin san sunana kuwa?"

Na ce, "Ji wata magana. Ni da na haife ki?"

Ta ce, "To mene ne?"

Mai keke yana jinmu, ga wata dattijuwa a gefena. Na ce, "Rufe bakinki, iska na shiga." Ta rufe. Ni kuwa na juya ina kallon titi har muka isa gida. Baƙin ciki na ji, na gaske, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifinsa.

Maganin bai zo daga wata hikima tawa ba, daga gajiya ya zo. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga, Bazazzagiya ce matar wani ma'aikaci, ita ma a gida take koyar da nata saboda dalilan da suka sa mu. Kullum ina jiyo ta tana fama da babban ɗanta, ita ma tana jiyo ni. Wata rana muna shanya, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malama, ni dai na gaji. Yaron nan in na ce masa ɗaya da ɗaya biyu ne, gardama zai yi don daga bakina ya fito. Ki karɓe shi don Allah, ko da awa ɗaya ne, kafin in yi masa illa."

Na ce, "In kin karɓi tawa."

Ta yi dariya ta ce, "Wannan yarinyan naki mai sanyi? Ai ni na ci riba."

Haka muka fara musaya, ba shiri ba tsari. Da hantsi nata ya zagayo, tawa ta zagaya. Abin haushi, yaron da ya gagari uwarsa a gabana lafiya lau yake zama, har da "Malama, in shiga?" Ni kuma in kira sunansa ba ko gargada, in yabe shi son raina. Ashe bakina ba ciwo yake yi ba, ɗan wani ne kawai yake iyawa da shi.

A rana ta farko ina rubutu a allo sai na jiyo muryar maƙwabciya ta tsallako katanga. Ta buɗe aji yadda ake yi a makaranta, da kiran suna, ko da yake 'yan ajin ba su cika hannu ɗaya ba. Ta kira na 'yata cikakke, haɗe da na ubanta. Ta sake kira, ta ce, "Ba ta zo ba ne? In sa mata fashi?" Sai na ji wata 'yar murya ta ce, "Na zo." Allin da ke hannuna ya tsaya. Yaron mutane yana kallona yana jira in ƙarasa kalmar da na fara.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Gajiyar tana nan, ta ma ƙaru, domin da matan layin suka ji, wasu biyu suka kawo nasu, baranda ta cika da hayaniya da takalma. Tukunya ba ta daina ƙonewa ba, baƙi ba su daina biyowa ba. Akwai darussan da daga ni har maƙwabciya sai mu dubi juna mu tsallake, mu ce sai ubanninsu sun dawo. Amma yarinyar ta fara dawowa da labari: wance ta ce kaza, an tafa mata yau, ta yi faɗa da wance sun shirya. Surutun da na taɓa roƙon Allah ya rage mini shi, na koma ina kasa kunne in ji shi. Ba ta sake yi mini waccan tambaya ba. Ni ce dai tambayar ba ta sake ni ba. In ina tankaɗe ni kaɗai sai in motsa leɓɓana da sunan, ba sauti, in ji kamar mahaifiyata na tsaye a bayana.

Wata safiya ta fita da sauri ta bar littafin lissafinta a kan tabarma. Na ɗauka na bi ta zuwa bakin ƙofa. Ta riga ta yi nisa kaɗan, ta haɗu da sauran yaran layin suna tafe suna dariya, dukansu da hijabi iri ɗaya. Na ce, "Ke!" Yara biyu suka waigo, ba ita a ciki. Na sake cewa, "Ke!" Wata mai tallan ƙosai ta nufo ni da farantinta. Ba takalmi a ƙafata, ga miya a wuta. Ban san lokacin da sunan ya fita ba. Ya fita dai, da ƙarfi, a tsakiyar layi.

Ta tsaya cak. Amma ba ni ta duba ba. Ƙofar gidan maƙwabciya ta fara kallo, daga nan ta dubi ƙawayenta, ta dubi mai ƙosai, tana neman wanda ya kira ta. Sai daga ƙarshe idonta ya zo kaina, ina tsaye da littafi a hannu.

Ta taho a hankali har gabana. Ba ta ce na'am ba, ba ta kuma miƙo hannu ba. Ta ce, "Umma, sake faɗa."

Na buɗe baki. Yaran layi duk sun tsaya suna kallonmu, maƙwabciya ta leƙo tana gyara mayafi. Na ji harshena ya koma inda ya saba zama.

Na ce, "Ke, karɓi littafinki, kin makara."

Ta karɓa, ta rungume shi a ƙirji. Ta yi taku kaɗan ta waigo ta ce, "Ba komai, Umma. Na riga na ji."

Na koma ciki na tarar miyar ta kama.